Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin ƙungiyoyin makanikai, masu walda da kafintoci na Kano, kan yaranmu da ke faɗowa a wajen aiki

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranku ya daɗe iyayenmu ciyamomi da sakatarori da dattawan sana'a, na Ƙofar Ruwa da Kwakwaci da Dakata da Sharaɗa da duk wani lungu da ake buga ƙarfe ko ake yanka katako a garin nan, ina gaisuwa, ya aiki, ya haƙuri da jama'a. Ni ɗanku ne a sana'a, mai walda, shekarata 22 ina wannan aiki, na yi yaron shago na share ƙasa na sayo wa oga shayi, yau kuma ni ma ina da yara a ƙarƙashina. Na san ba tarbiyya ba ce ƙarami ya tsaya a bainar jama'a yana yi wa manya magana, dan Allah ku yi min afuwa, amma sau biyu ina ɗaga hannu a wajen taro kan maganar nan, kullum sai an gama batun kuɗin ƙungiya da batun masu karɓar haraji da rigimar fili, kafin a zo kaina an kira magariba kowa ya kama takalminsa. Shi ya sa na ce bari in rubuta inda ba za a kira sallah a katse ni ba.

Zan fara da laifina, don kar wani ya ce na zo nuna wa mutane yatsa ne.

Wata ranar Talata ce da bazara, muna haɗa ƙafar tankin ruwa irin doguwar nan, mun tayar da ita tsaye a bakin shago saboda mai ita ya bugo waya ya fi sau biyar wai motar da za ta ɗauka tana hanya. Saura ƙarfe ɗaya na can sama da za a riƙe min in ɗiga masa wuta. Tsaninmu maƙwabci ya ara tun safe bai dawo da shi ba, to kun dai san yadda muke yi, aka jawo benci aka ɗora duro a kai, ni na maƙale a jikin ƙafar tankin, na dubi ƙaramin yarona na ce kai hau ka riƙe min, kai ne mara nauyi. Wallahi har yau kalmar nan tana dawo min, kai ne mara nauyi. Yaron bai wuce shekara 16 ba, silifas ne a ƙafarsa, duron kuma na baƙin mai ne da muka karɓo a garejin kusa da mu, samansa duk santsi. Ina ɗiga wuta tartsatsi ya sauka tsakanin yatsun ƙafarsa, ya zabura, duro ya goce, sai ji na yi tim. Ta baya ya faɗo, gefen kansa ya daki bakin wani ƙarfe da ke jibge a ƙasa.

Ya tashi fa. Ya tashi yana dariya yana kakkaɓe wando, sauran yara suna tsokanarsa wai rago ne, aka sayo masa fiyawata, na shafa masa man zafi a wajen, muka ƙarasa aiki mota ta zo ta ɗauka. Har la'asar ya bi jam'i. Wajen ƙarfe shida ya yi amai ya ce kansa na sarawa, ya shimfiɗa kwali a bayan shago ya kwanta, mu kuma muka ce a bar shi ya huta, gajiya ce da zafin rana. Wani dattijo mai facin taya da ke gefenmu, Allah ya saka masa da alheri, shi ne ya je ya taɓa shi ya ga yaro ba ya farkawa yadda ya kamata, ya buɗe idonsa ya ce min Malam wannan ba barci ba ne, ku ɗauke shi yanzun nan. A adaidaita sahu muka tafi ina rungume da shi. Aka yi hoton kai aka ce jini ne ya taru tsakanin ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa, a daren aka shiga da shi tiyata. Likitan ne ya zaunar da ni daga baya ya ce irin wannan buguwa haka take yaudarar mutane, akwai jijiyar jini a gefen kai wajen da ƙashi ba shi da kauri, in ta fashe mutum zai iya tashi garau ya yi awanni yana hira, jini kuwa yana can yana taruwa yana danne ƙwaƙwalwa a hankali, da mun bar shi ya kwana a kan kwalin nan da safe gawa za mu tarar.

Ya rayu, alhamdulillah. Amma hannunsa ɗaya bai koma daidai ba, ya bar sana'a, yanzu tsaron tireda ta kayan masarufi yake yi wa wani ɗan uwansu, ina nufin ɗan teburin bakin hanya. Janaretana na sayar na biya kuɗin asibiti. Ranar da na je gaida mahaifinsa ina ta ba da haƙuri, bawan Allah ya ce haba Malam, tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa, mun yafe duniya da lahira. Na fito daga gidan nan jikina a sanyaye, domin ni na san abin da ya faru, tsani ne babu, duro ne a kan benci, silifas ne a ƙafa, sauri ne na mai kaya, kuma ni na ce ya hau.

Ranku ya daɗe, abin da nake so mu yarda da shi tsakaninmu shi ne, yaranmu ba daga saman bene suke faɗowa ba. In aka ce faɗuwa a wajen aiki kowa sai ya hango birkila a hawa na huɗu, sai mu ce ai mu a ƙasa muke aiki. To ku auna. Duro mai lita 200 tsayinsa ya kusa mita 1, ka ɗora shi a benci, ƙafar yaro tana kusan mita 1 da rabi daga ƙasa, kansa kuwa wajen mita 3. Abin da ya faɗo daga mita 2 kawai yana isa ƙasa da gudun da ya wuce kilomita 20 a awa, cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, ba lokacin kama wani abu ba lokacin kare kai, kamar a ce ka tuƙo babur a cikin unguwa ka daki bango da ka. Kuma ƙasan shagunanmu ba katifa ba ce, guntayen rodi ne a tsaye, bakin fale-falen ƙarfe, injin mota da aka sauke, katako mai ƙusa tana kallon sama.

Makanikai ku kun fi kowa sanin ramin gareji. Rami ne mai zurfin tsayin mutum, a buɗe dare da rana, bakinsa ya sha baƙin mai da giris shekara da shekaru har ya yi ƙyalli, mota na fita daga kai ba mai rufewa, a ɗauke wuta da magariba yaro ya taho da gudu da sifana a hannu an aike shi, ko ma mai mota da ya zo karɓar motarsa yana waya yana ja da baya. Masu gyaran manyan motoci kuma su ne ke hawa saman tanka da bodin tirela, saman tanka a lanƙwashe yake kuma ga mai ga raɓa da sassafe, ba abin riƙewa, mutum ya sa ƙarfinsa duka yana kwance noti da ya yi tsatsa, noti ya saki farat ɗaya ko sifana ta zame, duk ƙarfin nan shi ne zai wurga shi ƙasa. Kafintoci masu rufi, a hau kan katakon da ba a gama kafewa ba da falankin kwano a hannu, iskar hunturu ta bugo kwanon ta tafi da shi da mai riƙe da shi. Mu masu walda namu kashi biyu ne, na farko idonka ya gama kallon wuta ka ɗaga gilashi duniya ta yi maka duhu na ɗan lokaci a nan ne ƙafa ke kuskure matakala, na biyu wayoyinmu da duk suka sha ɗauri da leda, ɗan jan wutar da a ƙasa zai sa ka ce wash kawai ka yarfe hannu, a saman tsani shi ne zai sa ka saki abin da ka riƙe. Ban ma yi maganar tsanin alminiyon da ake jinginawa kusa da wayar Nepa ba.

Sai wata magana da ba ma son yi. Wasu yaran suna shan ƙwaya don su jure aiki, tiramol da 'yan uwanta, kuma wasu ogogin sun sani suna kawar da kai saboda yaro yana aiki kamar inji ba ya cewa ya gaji. Tiramol tana sa jiri, in ta yi yawa tana sa mutum ya faɗi yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, to ka ɗauki wannan yaro ka tura shi saman tanka da rana tsaka a watan Afrilu da zafin Kano ke haura digiri 40. Ko ba ƙwaya ma, yaron da bai karya ba tun safe sai ya jira oga ya sami kuɗi a ba shi na abinci, ko mai azumi da ƙarfe uku na rana, jiri kaɗai ya isa. Aikin sama a yi shi da safe mana, me ya hana.

Bayan faɗuwar kuma sai mu ƙara wa Borno dawaki. Mutum ya faɗo yana cewa wuyana, bayana, sai mu taru mu biyar wani ya kama hannu wani ƙafa a ciccibe shi yana lilo a cusa a adaidaita sahu a naɗe. In ƙashin baya ko na wuya ya tsage, lakar da ke ciki tana iya zama lafiya lau a lokacin da ya faɗo, ɗaukar da muka yi masa ce za ta ƙarasa ta, shi ke nan mutum ya zauna a keke har ƙarshen rayuwarsa. Abin da ma'aikatan lafiya suke koyarwa ba wuya gare shi ba, kar a tayar da shi zaune, mutum ɗaya ya riƙe kai da wuya kar su motsa, a mirgina shi gaba ɗaya kamar gungume a kan faffaɗan katako ko ƙyauren ƙofa, a nemi motar da zai kwanta a miƙe, kar a ɗura masa ruwa ko koko don wataƙila tiyata za a yi. Katako kuwa ai mu ne masu shi. Wanda ya bugu a ka, ko ya tashi yana dariya, in ya suma ko na minti ɗaya ne, ko ya yi amai, ko barci ya dame shi, ko maganarsa ta rikice, ko jini ko ruwa ya fito ta kunne ko hanci, asibiti kai tsaye, ba kemis ba. Wanda ya diro da ƙafafu ya fasa dunduniya a duba masa baya, don su biyun suna yawan tafiya tare. Wanda ƙusa ko tsohon ƙarfe ya huda a yi masa allurar tetanus.

Maganar masu ɗori kuma zan yi ta da ladabi don nima an taɓa ɗora ni ina yaro na warke, kuma akwai gidajen da suka gaji abin tun kaka da kakanni. Amma mai ɗori ba ya ganin cikin nama. Karayar da ƙashi ya fasa fata ya fito, ko wadda ta shiga cikin gaɓa, ko ta ƙugu da baya, ba tasa ba ce. Kuma ɗaurin karare da ake tamkewa tam a kan hannun da ke kumbura yana tsayar da jini, yaro ya kwana yana kuka a ce masa jarumta, yatsu su yi sanyi su yi baƙi, sai an kwana biyar a kwashe shi zuwa asibitin ƙashi na Dala lokacin da ba abin da ya rage sai yankewa, sannan a dawo unguwa ana cewa ai asibiti yanke hannu suke yi. Allah ya ba mu asibitin ƙashi na tarayya a cikin garinmu, mutane daga jihohi da yawa har da Nijar suke zuwa, mu da ke iya zuwa da kuɗin adaidaita mu ne muke zuwa a makare. Aƙalla a yi hoton ƙashi tukuna kafin a yanke shawarar inda za a kai yaro.

Yanzu ga inda nake so ku sa baki a matsayinku na shugabanni. Akwai doka a ƙasar nan, dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1987, kuma hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnatin tarayya, wato NSITF, ita ce ke riƙe da asusun diyyar. Mai ɗaukar ma'aikata yana zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a wata, daga aljihunsa, doka ta hana ya cire daga kuɗin ma'aikaci, in ma'aikaci ya ji rauni ko ya nakasa ko ya rasu a dalilin aiki asusun ne ke ɗaukar magani da diyya, ba tare da an tsaya shari'ar wa ke da laifi ba. Mu duk mun ɗauka abin na 'yan kamfanonin Bompai da Challawa ne masu katin shaida a wuya. To dokar da kanta da ta zo fassara wane ne ma'aikaci ta sa har wanda aka ɗauka da baki ba takarda, da na wucin gadi, da ɗan koyo, kuma ta ambaci masu sana'ar da ba ta ofis ba. Yaron shagona yana ciki ke nan. Akwai kuma wa'adi, ma'aikaci ko wani nasa ya sanar da mai gidan aiki cikin kwana 14, mai gidan aiki ya kai wa hukumar rahoto cikin kwana 7 da faruwar raunin, neman diyya kuma a shigar cikin shekara 1. Ni lokacin da abin ya same ni ko sunan hukumar ban taɓa ji ba, da na sayar da janareta gani nake iyakar abin da ake yi ke nan.

Na san abin da za ku ce, yaranmu ba albashi suke karɓa ba, kuɗin abinci ne da na sabulu da ɗan abin sallah, kashi 1 na me za a cire. Gaskiya ne, kuma shi ya sa ba aikin mutum ɗaya ba ne. Ni kaɗai in na shiga ofis da rigata mai ƙunar wuta ba wanda zai zauna ya tsara min komai, amma ciyaman da ke da shaguna ɗaruruwa a bayansa in ya je da takardar ƙungiya za a ba shi kujera. Ku je ku zauna da su, a fitar da wani tsayayyen kuɗi na kowane shago gwargwadon yawan yaransa, ƙungiya ta tattara ta kai, ta riƙe rajistar sunayen yara. Ai kuna tattara kuɗin wata, kuna tattara na gudummawar biki da na rasuwa, lokacin siyasa kuma cikin kwana biyu ake haɗa mu a cika fili, to hanyar tattarawa ba ita ce matsala ba. Kafin wannan ya tabbata ma a buɗe asusun jinya na cikin gida, ko naira 200 ce a mako kowane shago, da mutum uku masu sa hannu, don kuɗin hoton kai kar ya zama dalilin da za a ce bari mu gani zuwa safe.

Dokar masana'antu ta 1987 ita ma ta yi maganar abubuwan nan ƙarara, daɓe da matakala su zama masu ƙwari ana kula da su, ramin da ke ƙasa a killace shi, tsani ya zama lafiyayye, kuma ma'aikatar ƙwadago ta tarayya tana da jami'an duba wuraren aiki. Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadago ta duniya kan lafiya da kariya a wajen aiki tun 1994, kuma duk ranar 28 ga Afrilu ake bikin ranar kariyar ma'aikata ta duniya. Amma ni ba na roƙon a turo mana jami'ai, mun san yadda hakan ke ƙarewa a bakin shago. Ku nake roƙo, domin ku ne in kuka ce a rufe shagon wane saboda ya ƙwace wa wani kwastoma ana rufewa a ranar. Wannan ƙarfin ku juya shi nan. Ku ce daga yau ba a hawa duro ko jarka ko bokitin fenti ko tayoyin da aka jera. Ku ce duk rami in ba mota a kai a jera masa katako, a zagaye bakinsa da farin fenti ko rawaya don a gani da duhu. Ku ce kowane gareji ya ajiye buhun garin katako ko yashi na zubawa a kan mai, ga kafintoci nan suna rasa inda za su kai garin katako har ƙona shi suke yi. Ku ce ba mai hawa sama da silifas, ko takalmin gwanjo ne mai ɗauri a saya wa yaro. Wanda ya saɓa a ci shi tara kamar yadda ake cin wanda bai zo taro ba, tarar ta shiga asusun jinya.

Tsani kuma abin kunya ne a ce mai walda ba shi da shi, mu da muke ƙera wa mutane gadaje da ƙofofi, guntayen ƙarfen da muke sayarwa 'yan gwangwan a kilo sun isa a haɗa tsani da ɗan dandamali mai abin dafawa. Kafa shi ma akwai ƙa'ida, in tsayin inda ya jingina ƙafa 4 ne gindinsa ya nisanci bango da ƙafa 1, in 8 ne 2, haka dai, kansa ya wuce inda za a taka da kamar mita 1, a ɗaure shi ko wani ya riƙe gindin, mai hawa ya fuskanci tsanin, hannu biyu da ƙafa ɗaya ko ƙafa biyu da hannu ɗaya kullum suna jikinsa, kayan aiki a miƙa masa da igiya bayan ya isa, kar ya tsaya a matakalar ƙarshe, kar ya yi miƙa gefe don ƙyuyar saukowa ya matsar. Wannan duk a rana ɗaya za a koya wa yaro, amma mu sai mu shekara muna koya masa yadda zai sayo mana shayi da sukari kaɗan.

Wani dattijo da nake girmamawa ya ce min kai yaro, mu haka muka koya kuma ga mu da ranmu. Na yi shiru don ba na jayayya da shi, amma Baba waɗanda suka faɗo ba su tashi ba ai ba sa zuwa taro balle su ba da nasu labarin, suna gida a kwance ko sun koma ƙauye, shi ya sa in muka duba zauren taro sai mu ga kowa lafiya. Kuma shi kansa yana ɗingishi, na tambayi yaransa suka ce daga kan bodin mota ne tun yana saurayi. Masu cewa ƙaddara kuwa, ba wanda ya musa ƙaddara, amma Annabi (SAW) ce wa mai raƙumi ya yi ya ɗaure sannan ya dogara, kuma yaran nan amana ce, uba ya kamo hannun ɗansa ya kawo maka ya ce ga shi nan na ba ka duniya da lahira, bai ce ka ɗora shi a kan duro don ba shi da nauyi ba. In aikin sama ya taso oga ya hau da kansa ko babban yaro da ya ƙware, ƙaramin ya tsaya a ƙasa ya riƙe tsani ya koya da ido.

Ina roƙon sakatarorinmu abu ɗaya da ba ya cin ko kwabo, a sayi littafi mai layi a riƙa rubuta duk wanda ya faɗo, rana, shago, daga kan me, me ya same shi, ina aka kai shi. Ba don a tona asirin kowa ba. Shekara ɗaya kawai a yi ana rubutawa sannan a karanta mana a taro, da wannan littafin ne kuma za ku shiga ofishin NSITF ku yi magana da hujja a hannu.

Duron nan yana nan a shagona, na yanka shi gida biyu, rabi garin katako rabi yashi. Taron wata mai zuwa in Allah ya kai mu zan zo da tsanin da na haɗa da ɗan dandamalin, duk mai so ya zo da tef ya ɗauki awo, ba na karɓar ko sisi. Dan Allah Ciyaman a sa maganar a farkon ajanda, kafin batun haraji.

Naku,
wani mai walda daga cikin birnin Kano